Gwajin Jini Wajen Gano Cutar Kitsen Hanta: Amfanin Ma'aunin FIB-4 da Iyakarsa a Asibitocin Kaduna

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya a Malali, Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin gwaje-gwajen jinin da ake dogara da su wajen gano cutar kitsen hanta, ta kuma auna su da halin da asibitocin birnin Kaduna suke ciki. Ta nuna cewa sakamakon ALT shi kaɗai bai isa a wanke hanta ko a tuhume ta ba, kuma alamar tabo ta fi alamar kitse cancantar a nema a cikin jini. Takardar ta fifita ma'aunin FIB-4 saboda arharsa, sannan ta ja hankali ga zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta nau'in B da sikila da tsargiyar hanji, waɗanda suke iya karkatar da lissafinsa a ƙasar Hausa. Daga bisani ta kawo shawarwari ga asibitoci da ɗakunan gwaji da masu bincike.

1.0 Gabatarwa

Hantar kowane mai lafiya tana ɗauke da ɗan kitse. Abin yana zama cuta ne idan kitsen ya shiga fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin hantar. Likitocin Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin hanta mai kitse, sai dai ta wata fuska dabam. Tun a 1933 Dakta Cicely Williams ta yi bayanin cutar kwashiyoko a yaran Akara, a ƙasar da yau ake kira Ghana, kuma hantar yaran da cutar ta kashe cike take da kitse. Waccan ta yunwa ce. Wadda ta tara mu a nan ta ƙoshi ce, 'yar ɗakin teɓa da ciwon suga da hawan jini.

A 1980 Jurgen Ludwig da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka suka ba da rahoton majinyata 20 waɗanda hantarsu, da aka duba ta a madubin likita, ta yi kama da ta mashaya giya, alhali kuwa ba mashaya ba ne. Daga nan cutar ta yi shekaru ana kiranta NAFLD. A watan Yunin 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka da Turai da Latin Amurka suka mayar da sunan MASLD, suka kuma sauya sharaɗin gano ta. A da sai an kore duk wata cutar hanta kafin a ambace ta. Yanzu idan an ga kitse a hantar mutumin da ba ya shan giya mai yawa, kuma yana da ko da ɗaya daga cikin abubuwa biyar, to ta tabbata. Abubuwan su ne ƙiba ko ƙugun da ya wuce santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, sugan jini kafin karya kumallo da ya kai 5.6, hawan jini daga 130/85, kitsen jini nau'in tiraigilisaraid daga 1.7, da ƙarancin kolestarol mai kyau. Wannan sauyi ya shafe mu kai tsaye, domin ya yarda cewa mutum ɗaya yana iya ɗaukar kitsen hanta da ciwon hanta nau'in B a lokaci guda, kuma irin wannan majinyaci ba baƙo ba ne a ɗakin ganin likita a Kaduna.

Unguwa irin Malali ta dace da wannan tattaunawa. Daga Lowkos zuwa G.R.A. akwai ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da 'yan kasuwa da waɗanda suka yi ritaya, mutanen da yawancinsu yini suke a zaune, daga mota sai ofis ko shago, ga shayi mai suga da safe, ga shinkafa da lemon kwalba da rana. Har gobe kuma da yawa daga cikinmu suna ɗaukar tumbi alamar jin daɗi.

2.0 Yawan Cutar

Nazarin da Zobair Younossi ya jagoranta a 2016, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 25 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna da kitsen hanta. Da suka sake lissafin a 2023 sai adadin ya kai kusan kashi 30. A tsakanin masu ciwon suga nau'i na biyu kuwa abin ya haura rabi, kimanin kashi 55. Afirka ce ta zo ƙarshe a nazarin 2016 da kashi 13.5, kuma wani ɗan binciken da Charles Onyekwere da abokansa suka yi a Legas a 2011 ya samu kashi 8.7.

Akwai dalilin gado a cikin wannan ƙarancin. Binciken zuciya na birnin Dallas ya nuna a 2004 cewa kashi 45 na 'yan asalin Latin Amurka suna da kitsen hanta, Turawa kashi 33, baƙar fata kashi 24. A 2008 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PNPLA3 wanda yake ƙara tara kitse a hanta, kuma ya fi ƙaranci a baƙar fata. Amma kada wannan ya sa mu saki jiki. Adadin Afirka an gina shi ne a kan bincike ƙalilan, da na'urar hoton ciki wadda takan kasa ganin kitse idan bai yi yawa ba. Sannan ciwon suga yana nan a tsakaninmu. Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a 2018 ya sa yawan ciwon suga a Nijeriya a kashi 5.77, Arewa maso Yamma kuma kashi 3.0. Duk asibitin da yake da ranar ganin masu ciwon suga, to yana da ranar ganin masu kitsen hanta, ko ya sani ko bai sani ba.

3.0 Kitse Muke Nema ko Tabo?

Cutar tana tafiya ne hawa-hawa. Da farko kitse ne kawai. A wasu mutane sai kumburi ya biyo baya, ƙwayoyin hanta su riƙa mutuwa, jiki ya riƙa cike gurbinsu da tabo. Ana auna tabon daga F0, wato babu, zuwa F4, wato hanta ta taurare ta ƙanƙance. A matakin ƙarshe ne ake ganin abin da kowa ya sani: shawara, kumburin ciki, aman jini, gushewar hankali, da sankarar hanta. Kafin nan majinyaci yana iya yin shekaru ba ya jin komai, in ban da ɗan kasala ko nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama.

A 2015 aka fitar da bincike biyu, ɗaya na Paul Angulo, ɗaya na Mattias Ekstedt a Suwidin wanda ya bi majinyata har tsawon shekara 33, kuma duka biyun sun tsaya a kan magana ɗaya: matakin tabo shi ne yake nuna wanda cutar za ta yi wa illa. Yawan kitse bai nuna hakan. Mafi yawan masu kitsen hanta ma ba hantar ce take ajalinsu ba, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne suka fi kashe su. Don haka tambayar da ta kamata likita ya yi ita ce, a cikin masu ƙiba da ciwon suga da suka cika benci, wane ne hantarsa ta kai F3 ko F4?

Hanyar da ta fi ba da tabbaci ita ce a gutsuro hanta da allura a duba. Sai dai abin da allurar take ɗebowa bai wuce kashi 1 cikin 50,000 na hantar ba, akwai zafi, akwai haɗarin zubar jini, kuma ana buƙatar ƙwararren da zai karanta. Ba za a yi wa kowane mai tumbi wannan ba. Na'urar FibroScan, wadda kamfanin Echosens na Faransa ya fito da ita a 2003, tana auna taurin hanta ba tare da an huda mutum ba, amma tsadarta ta fi ƙarfin cibiyar lafiya ta matakin farko. Abin da ya rage a hannun ma'aikacin lafiya na unguwa shi ne kwalbar jini.

4.0 ALT da AST

Waɗannan sinadarai biyu suna zaune ne a cikin ƙwayoyin hanta, kuma suna malalowa cikin jini idan ƙwayoyin suka fashe. ALT ya fi zama na hanta zalla. AST kuwa akwai shi a tsoka da zuciya da jajayen ƙwayoyin jini, abin da za mu dawo kansa a gaba.

Al'adar da ta zama jiki a asibitocinmu ita ce a rubuta gwajin aikin hanta, idan ALT bai haura 40 ba sai a ce wa majinyaci hantarsa lafiya lau. Wannan hukunci ba shi da tushe. A binciken Dallas da na ambata, kashi 79 na waɗanda aka tabbatar suna da kitsen hanta ALT ɗinsu bai tashi ba. Iyakar 40 ɗin ma da sauran magana, domin an tsayar da ita ne a zamanin da ba a tace masu ciwon hanta nau'in C da masu kitsen hanta daga cikin waɗanda aka ɗauka masu lafiya ba. Da Daniele Prati ya sake aunawa a masu ba da jini na birnin Milan a 2002, sai ya samu iyakar 30 ga maza da 19 ga mata. Ke nan macen da takardarta ta nuna 35, ɗakin gwaji bai ja mata jan layi ba, amma ta kusa ninka iyakarta.

Wani abin da yake ruɗar sabon likita shi ne, yayin da tabo yake ƙaruwa ALT yakan sauka, AST ya riske shi ko ya wuce shi. Majinyacin da aka yi wa murna don ALT ɗinsa ya faɗi, wani lokaci shi ne wanda ya kamata a fi jin tsoron halinsa.

5.0 Ma'aunan Kitse

Ba zan daɗe a nan ba. Akwai ma'aunin FLI da Giorgio Bedogni ya tsara a Italiya a 2006, wanda ya haɗa nauyin jiki da faɗin ƙugu da tiraigilisaraid da GGT, wani sinadarin hanta da ake aunawa a jini: ƙasa da 30 ya kore kitse, daga 60 ya nuna akwai. Akwai kuma HSI na Koriya ta Kudu na 2010. Suna da amfani a binciken jama'a masu yawa. A gaban majinyaci guda amfaninsu kaɗan ne. Mai shekara 50 da ciwon suga da ƙugu santimita 105 ba ya buƙatar lissafi kafin a zarge shi da kitsen hanta. Ƙari a kan haka, an san cewa 'yan asalin Afirka sukan kasance da ƙarancin tiraigilisaraid ko da jikinsu ya fara bijire wa insulin, don haka ma'aunin da ya jingina da shi yana iya wanke wanda bai wanku ba. GGT shi ma yana tashi a masu shan maganin farfaɗiya irin su fenobabiton da kabamazefin.

6.0 Ma'aunin FIB-4

Richard Sterling da abokansa ne suka tsara FIB-4 a 2006, don majinyatan da suke ɗauke da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in C tare. A 2009 aka gwada shi a kitsen hanta aka sa masa sababbin iyakoki. Abu huɗu yake buƙata: shekaru, AST, ALT, da adadin ƙwayoyin tsayar da jini, waɗanda 'yan ɗakin gwaji suke kira filetilet. Ana ninka shekaru da AST, a raba da sakamakon ninka filetilet da saiwar ALT, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ALT ɗin. Hikimar ita ce, idan hanta ta taurare jini yakan koma ya cunkushe a saifa, saifa ta kumbura ta riƙe filetilet, hanta kuma ta rage samar da sinadarin da yake sa ɓargo ya ƙera su. Filetilet su sauka, AST ya hau, lissafi ya tashi.

Ƙasa da 1.3 yana nufin da wuya a samu tabo mai tsanani, kuma a kusan mutum 9 cikin 10 wannan hukunci yakan zama daidai. Sama da 2.67 yana nufin a tura mutum wurin likitan hanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku sukan faɗa tsakani, su ne masu buƙatar gwaji na biyu. Ga wanda ya kai shekara 65 ana ɗaga iyakar ƙasa zuwa 2.0, domin shekaru kaɗai suna kumbura lissafin. Ga wanda bai kai 35 ba kuwa ma'aunin ba abin dogaro ba ne.

Mu ɗauki misali na lissafi. A ce magidanci ne mai shekara 58 da ciwon suga, ALT 25, AST 40, filetilet 150. Kowace lamba a cikin ukun tana cikin iyakar da yawancin ɗakunan gwaji suke bugawa, ba wadda za a ja wa layi. Amma 58 sau 40 ya ba da 2,320. Saiwar 25 ita ce 5, sau 150 ya ba da 750. A raba, sai a samu 3.09. Mutumin da za a sallama da albishir, ashe na tura wa likitan hanta ne. Ba a ƙara masa gwaji ko ɗaya ba, ba a karɓi ƙarin naira ɗaya ba. Takardu biyu ne da suke cikin fayil ɗinsa aka haɗa wuri guda.

Ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ta sa wannan lissafi cikin ƙa'idojinta tun 2023, ga duk mai ciwon suga nau'i na biyu ko da ALT ɗinsa bai tashi ba. Ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka a 2023 da takwarorinta na Turai a 2024 duk sun ɗora shi a matakin farko. A yankunan Kamdin da Islintin na Landan, da likitocin unguwa suka fara amfani da shi tare da gwaji na biyu, rahoton 2019 ya nuna turawar da ba ta da amfani zuwa babban asibiti ta ragu da kusan kashi 80, gano masu tabo mai tsanani kuma ya ninka sau 5. Akwai wani ma'aunin, NFS na Angulo na 2007, amma yana buƙatar abu shida kuma yakan yi ƙarar banza a masu ƙiba da ciwon suga, waɗanda su ne ainihin mutanenmu. A ganina FIB-4 ya wadatar.

7.0 Abubuwan da Suke Karkatar da Lissafi a Ƙasar Hausa

Nan ne zuciyar wannan takarda. An tsara FIB-4 an kuma gwada shi a majinyatan da mafi yawansu Turawa ne, a ƙasashen da abin da yake saukar da filetilet a mai ƙiba ɗan shekara 50 kusan kullum hanta ce. A Kaduna ba haka abin yake ba.

Na farko zazzaɓin cizon sauro. Saukar filetilet tana cikin alamomin jinin da aka fi gani a maleriya, kuma AST yakan ɗan tashi. A ce mace ce mai shekara 50, AST 36, ALT 36, filetilet 250. Lissafinta 1.2, tana cikin aminci. Ta zo a watan Satumba da zazzaɓi, filetilet sun sauka zuwa 110, sauran lambobin suna nan yadda suke. Lissafi ya koma 2.73. Mace ɗaya, hanta ɗaya, amma ta tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan cikin mako guda. Matsalar kuwa ita ce, mutanenmu ba sa zuwa a ɗebi jininsu sai ba su da lafiya, don haka yawancin sakamakon da yake cikin fayil na ranar zazzaɓi ne. Wanda ya ɗauki irin wannan sakamako ya yi lissafi da shi zai cika layin likitan hanta da masu maleriya, ya kuma jefa iyalai cikin fargabar da ba ta da dalili.

Na biyu ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya samu kashi 8.1 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar, nau'in C kuma kashi 1.1. Idan lissafi ya tashi a nan, kafin a ɗora wa kitse laifi sai an duba ƙwayar B. Na fi son in ce a duba ta tun kafin a yi lissafin, domin mai ita yana da nasa ma'aunin da nasa maganin, tenofobir, kuma haɗarin sankarar hanta a gare shi ya fi girma, musamman a inda ake cin gyaɗa da masarar da suka yi funfuna mai gubar afalatoksin.

Na uku sikila. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna fashewa kullum, AST yana zuba daga cikinsu. A gefe guda kuma saifar yawancinsu ta mutu tun suna yara, don haka filetilet sukan yi yawa. Ɗaya yana ja sama, ɗaya yana ja ƙasa, ga ƙarfen da ya taru a hanta saboda ƙarin jini. Bai kamata a yi wa mai sikila wannan lissafi ba. Masu ɗauke da AS, waɗanda suka kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya, lissafinsu bai samu matsala ba, sai dai wasu hanyoyin auna HbA1c, gwajin matsakaicin sugan jini, sukan ba da sakamako na kuskure a jininsu, kuma wannan gwajin ma ana amfani da shi a sharaɗin sugan jini na gano cutar kitsen hanta.

Na huɗu tsargiyar hanji. Wanda ya taso yana wanka a rafi ko yana noman rani a fadama yana iya ɗaukar ƙwan tsutsar a jijiyoyin hantarsa shekaru da yawa. Saifa ta kumbura, filetilet su faɗi, alhali ƙwayoyin hantar suna aiki. Malali tana bakin Kogin Kaduna, kuma da yawa daga cikin mazaunanta a ƙauye suka yi ƙuruciya, don haka tambayar inda mutum ya taso ba ɓata lokaci ba ce.

Sai magunguna. Magungunan tarin fuka suna ɗaga ALT da AST. Haka jiƙe-jiƙen gargajiya da majinyaci ba zai ambata ba sai an tambaye shi cikin mutunci. Akwai ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu 'yan mata da amare suke sha. Galibi akwai deksametason a ciki, kuma shi da kansa yana tara kitse a hanta ya tayar da suga. Masu shan maganin ƙanjamau na dolutegrabir su ma a sa musu ido, domin gwaje-gwajen NAMSAL a Kamaru da ADVANCE a Johannesbag sun nuna a 2019 cewa yana tafe da ƙarin nauyi, musamman ga mata. Maganar giya kuma a yi ta a keɓe, ba a gaban mata ko ɗa ba. Kasancewar mutum Musulmi ko mai zuwa coci ba amsar tambayar ba ce. Ƙarancin ƙarfe a jini, wanda ya yawaita a matanmu, yana ɗaga filetilet ya ɓoye tabon da yake akwai. Juna biyu yana saukar da su.

Akwai kuma abin da yake faruwa da kwalbar kanta. Jinin da aka zuƙa da ƙarfi ta siririyar allura, ko aka bar shi cikin zafin Afrilu ana jiran wuta ta dawo, jajayen ƙwayoyinsa sukan fashe, AST ya tashi ba tare da hanta ta san an yi ba. Filetilet sukan dunƙule a cikin kwalba mai murfin shunayya, na'ura ta ƙirga su ƙasa da yadda suke. Lebura ko ɗan dako da ya yi aikin ƙarfi jiya, AST ɗinsa na tsoka ne. Ma'aikacin ɗakin gwajin da ya rubuta a takarda cewa jinin ya fashe ya yi wa majinyaci aikin da likita ba zai iya yi masa ba.

8.0 Darasin APRI

Mun taɓa ganin abin da aron iyaka yake haifarwa. Ma'aunin APRI, wanda aka tsara a 2003 daga AST da filetilet, shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a 2015 don gano taurarewar hanta a masu nau'in B, ta sa iyaka a 2.0. Da haɗakar masu bincike ta HEPSANET ta tattara bayanan majinyata fiye da 3,500 daga ƙasashe 8 na Afirka, har da Nijeriya, sai rahotonta na 2023 ya nuna wannan iyaka ba ta kama ko da mutum 1 cikin 5 na waɗanda hantarsu ta taurare. Shekara takwas ana auna hatsinmu da mudun wata kasuwa. A watan Maris na 2024 Hukumar ta sauke iyakar zuwa 1.0 ga taurarewa, da 0.5 ga tabon da ya isa a fara magani. Tun kafin nan, a 2016, Maud Lemoine da abokanta sun tsara wani ma'aunin a Gambiya daga GGT da filetilet, wanda ya nuna cewa ana iya yin irin wannan aiki a Afirka ta Yamma da majinyatan Afirka ta Yamma. Lambobin 1.3 da 2.67 su ma na aro ne. Mu yi aiki da su tunda su ne a hannu, amma mu gwada su a mutanenmu.

9.0 Gwaje-gwaje Masu Tsada

Gwajin ELF na kamfanin Siemens yana auna sinadarai uku da suke fita yayin da tabo yake ginuwa, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2021, daga 9.8 ana ɗaukar haɗarin ya yi yawa. Akwai CK-18 mai nuna mutuwar ƙwayoyin hanta, da PRO-C3, da NIS4. Dukkansu suna buƙatar na'ura ta musamman da sinadarin da ake saye da dala. Ban ga hikimar asibitin gwamnati ya sa kuɗinsa a nan ba, alhali FibroScan guda a babban asibiti za ta yi wa masu kitse da masu nau'in B da C aiki tare: ƙasa da 8 a koma gida, daga 12 a shiga kulawar ƙwararru.

10.0 Shawarwari

Wani zai ce, mene ne amfanin gano cutar da maganinta ya fi ƙarfinmu? Gaskiya ne resmetirom, wanda Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2024, ba na aljihun ma'aikacin gwamnati ba ne. Amma binciken Eduardo Vilar-Gomez a Kuba a 2015 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka rage kashi 10 na nauyinsu, kumburin ya warke a kashi 90, tabon kuma ya ja baya a kashi 45. Ga mai kilo 90, kilo 9 ke nan. Barin lemon kwalba, rage suga a shayi da kunu, rage tulin tuwo da shinkafa, da tafiyar ƙafa bayan Asuba ko La'asar ba sa buƙatar dala. Sanin matakin tabo kuma yana taimaka wa likita wajen zaɓen maganin suga, yana ba shi ƙarfin guiwar ci gaba da maganin kolestarol, kuma yana sa a riƙa yi wa mai F4 hoton ciki duk wata 6 don tarar sankara da wuri.

Saboda haka nake ba da shawarar duk mai ciwon suga nau'i na biyu da ya kai shekara 35 a yi masa gwajin ƙwayar B da C sau ɗaya, sannan a lissafa masa FIB-4 duk shekara ɗaya zuwa biyu, da jinin da aka ɗeba ranar da yake lafiya. Idan ya yi zazzaɓi a jira 'yan makonni. Lissafin da ya haura 1.3 a maimaita shi kafin a gaya wa majinyaci komai. Ɗakunan gwaji su riƙa rubuta shekarun majinyaci na gaskiya a maimakon kalmar babba, su kuma buga AST tare da ALT. Cibiyoyin lafiya na mazaɓar Badarawa da Malali da Babban Asibitin Kawo su samu hanya bayyananniya ta tura wanda ya haura 2.67 zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, kuma hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, KADCHMA, ta duba yiwuwar ɗaukar nauyin waɗannan gwaje-gwaje ga masu ciwon suga da suke cikin tsarinta.

Kirana na ƙarshe ga malamanmu ne na Barau Dikko da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Aminu Kano, tare da ƙungiyar likitocin ciki da hanta ta SOGHIN. Ku haɗa masu ciwon suga na asibitocin nan uku a bincike guda, a auna FIB-4 ɗinsu da FibroScan a rana ɗaya, a rubuta matsayin kowa game da maleriya da nau'in B da sikila da tsargiya, rani da damina, domin mu samu iyakar da aka auna a jinin mutanenmu. Majinyatan suna nan, kuma kowane mako suna zuwa asibiti da ƙafarsu.